Yadda zaka gane baitin waka da ya shige maka duhu

Da farko dai ka tabbatar abinda kaji shi mawakin ya fada, don sau da yawa kunne ne ke yaudara, kida ya danne murya ko mawaki ya ja kalma don ta hau kan kari. Sa iyafis, in a YouTube ne rage gudun zuwa 0.75 ka maimaita wajen. Kar ka yarda da lirik din da ake rubutawa a intanet, masu rubutawar ma canka suke yi.

Sannan kar ka yanko layin shi kadai, saurari abinda yazo kafinsa da bayansa da kuma amshi, ka tambayi kanka wa ake wa wakar kuma yaushe akayi ta. Wannan ne babba wallahi, domin in habaici ne ko zambo to da gangan aka boye sunan mutum aka kira shi da wata dabba ko wata siffa, wanda bai san rigimar lokacin ba ko shekara zaiyi yana juya kalmomin bazai gane ba.

In kalma ce tsohuwa ko ta wani karin harshe, duba kamus din Hausa da Turanci na Bargery na 1934, ko ka kunna wa wani dattijo yaji da kunnensa.