Hular nan mai NY da ka zo da ita daga gida

Ɗan'uwa, sannu da zuwa Amurka. In a Bronx ta birnin New York ka sauka kamar yawancinmu, wata rana za ka hangi wani katafaren filin wasa ta tagar jirgin ƙasa mai lamba 4, daidai titi na 161. Gidan Yankees ke nan, ƙungiyar wasan besbol. Hular nan mai N da Y a sarƙe, wadda samari ke sawa a Kano da Kumasi da Maradi don kwalliya, tambarinsu ce. A nan in ka ɗora ta a ka, ka ɗauki ɓangare. In aiki ya kai ka Boston, bar ta a jaka.

Rigimar Yankees da Boston ta yi tsami ne tun Disamban 1919, lokacin da ƙungiyar Red Sox ta Boston ta sayar wa Yankees ɗan wasanta Babe Ruth a kan dala 100,000. Boston ta ci kofi a 1918, ba ta sake ganinsa ba sai 2004. Shekara 86 ke nan, jika yana gadon takaicin kakansa.

Ina ba ka wannan labari ne don na ga amfaninsa da idona. Shekarata ta farko a wurin aiki, lokacin cin abinci sai in koma gefe, su kuma suna ta hirar wasan jiya. Ranar da na tambayi wani dattijo wace ƙungiyar besbol ce ta fara biyan duk 'yan wasanta albashi a fili, sai ya ajiye cokali ya juyo. Red Stockings ta Cincinnati, a 1869. Mai jagorancinta, Harry Wright, haifaffen Ingila ne kuma ɗan wasan kurket. Ƙanensa George ya fi kowa albashi, dala 1,400, kuma duk shekarar ba wanda ya ci su. Daga ranar nan dattijon ya riƙa ajiye mini kujera, shi ne ma ya koya mini yadda ake cike takardar haraji.

Ba sai ka haddace dokoki ba. Ka dai san ƙungiyar garin da kake da tarihinta. Dodgers ta Los Anjalis, alal misali, 'yar Brooklyn ta New York ce har 1957, sunan kuwa daga mutanen unguwar da ke kauce wa taragon kan titi aka samo shi. Tsofaffi a Brooklyn har yau suna jin zafin tafiyarta, don haka ka yi maganar a hankali.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin baƙar fata. Kowa zai ce maka Jackie Robinson ne baƙin da ya fara bugawa a babbar gasa, a 1947, kuma ya cancanci girmamawar. Amma tun 1884 Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a babbar gasa, yana cafe ƙwallon da ake jifa da ƙarfi da hannun da ba shi da wata kariya ta kirki, 'yan kallo na zaginsa. Bayansa aka rufe wa baƙaƙe ƙofa shekara sittin da 'yan kai. Ranar 15 ga Afrilu in ka kunna talabijin, za ka ga duk 'yan wasa sanye da lamba 42, lambar Robinson. Ka kira yaranka su gani, ka faɗa musu sunan Walker ma.