Babi na Bakwai: Zama da Gyambon Babban Hanji

Darasi na 1: Gane ciwon

Wannan ciwo daban yake da olsar da kuka sani, daban kuma yake da basir, ko da yake mutane da yawa sukan shafe watanni suna shan maganin basir ko na atuni kafin a gano shi. Kumburi ne da ƙananan gyambuna a cikin babban hanji da dubura. Mai shi yana fama da gudawa mai jini da majina, cikinsa yana murɗawa, bayan gida kuma yana matsa masa har ya kasa jira. Ciwon yakan tashi, ya lafa, ya sake tashi. Ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu dalilin ware wa mai shi kwano. Akwai wanda ya daina zuwa jam'i don tsoron karyewar alwala, akwai wadda ta daina zuwa biki saboda kunya, kuma wannan damuwar ma abin faɗa wa likita ce.

Darasi na 2: Littafin ƙirga

Ku samo littafin rubutu da biro, ku rubuta kwanan wata a saman shafi. Duk lokacin da kuka yi bayan gida kuka fito daga ban ɗaki, ku wanke hannu, sannan ku ja layi ɗaya a tsaye kamar lamba 1. Idan kun ga jini, ku zagaye layin. Wanda hannunsa bai saba da biro ba kada ya damu, karkataccen layi ma layi ne.

Ku ja layin nan take. A nan ne nake ganin ɗalibai suna tuntuɓe, domin sukan bari sai dare su zauna suna tuno sau nawa suka je, sai 7 ta koma 4. Fita ɗaya, layi ɗaya, a lokacin da aka fito. Fitar tsakar dare ma ana ja mata layi kafin a koma shimfiɗa. Na faɗi wannan a aji har muryata ta dishe, amma har yanzu ana kawo mini shafi fari fat ana cewa an riƙe a kai. Likita ba zai duba cikin kanku ba, littafin zai duba. Ku ja layin nan take.

Ranar da layukan da kuka zagaye suka kai 6, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, ku tafi asibiti a ranar.

Darasi na 3: Magani

Ku ci gaba da shan abin da likita ya rubuta, kamar mesalazine, ko da kun ji sauƙi. Idan likita ya rubuta muku prednisolone, wani maganin rage kumburi, ba a daina shi farat ɗaya. Ku guji ibuprofen da diclofenac, domin suna iya tayar da ciwon.

Darasi na 4: Abinci

Ku yawaita shan ruwa lokacin gudawa. Abincin da kuka lura yana dame ku, ku rubuta sunansa a ƙasan layukan ranar.