Yadda Magidanci Zai Rage Gishiri a Legas

Mazan da ke kasuwanci a Mile 12 ko Agege yawanci a waje suke cin abinci, kuma nan ne gishiri ya fi yi musu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Gishiri in ya yi yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, zuciya ta wahala, mutum bai ji komai ba.

Fara da magi, domin kaso mai yawa na dunƙulen gishiri ne. Uwargida ta rage rabi, ta ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da albasa. A yi a hankali har harshe ya saba, in ba haka ba za a koma gidan jiya. Kanwa ma tana da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke cikin gishiri yake sa jini ya hau, a taƙaita ta.

A wajen mai shayi, ka ce a zuba rabin garin ɗanɗanon Indomie. A wajen mai tsire, kada a ƙara barbaɗa yaji, domin akwai gishiri a cikinsa.

Ka auna hawan jininka a kemis kana zaune, bayan hutun minti 5. In yana kai 140/90 a kwanaki daban-daban, je asibiti.