Yadda Ake Auna Tasirin Binciken Masani kan Lafiyar Masu Juna Biyu

Wanda aka ɗora wa aikin tantance amfanin binciken wani masani a fannin haihuwa, ko ɗalibi ne, ko ɗan jarida, ko jami'in lafiya na ƙaramar hukuma kamar Jahun ko Bichi, yakan fara da intanet, kuma hakan daidai ne. Ya buɗe shafin masanin a Google Scholar, wato injin neman rubuce-rubucen masana, ya duba yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka kafa hujja da su, sannan ya tabbatar a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, cewa mujallun da suka wallafa su na ƙwarai ne. Zai kuma ga ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙira a 2005: idan aka ce na masani 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Wannan aikin yini guda ne, kuma abin da yake nunawa kawai shi ne cewa malamai na karanta aikin ɗan'uwansu.

Daga nan sai a zaɓi bincike ɗaya ko biyu a bi sawunsa, domin bin maƙala ɗari ba ya kai mutum ko'ina. Tambayar ita ce ko sakamakon ya shiga ƙa'idojin aiki na Hukumar Lafiya ta Duniya ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Misali mafi kusa da mu shi ne binciken E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023 bayan an gudanar da shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An gwada shimfiɗa leda mai ma'auni ƙarƙashin mai jego don a san adadin jinin da ya zuba maimakon kintace da ido, tare da haɗa tausar mahaifa da allurai da ƙarin ruwa lokaci guda, sai munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Mataki mafi nauyi, wanda a ganina shi ne ainihin aikin, shi ne a tafi ɗakin haihuwa na karkara da izinin hukumar lafiya a matakin farko. A gaida shugabar sashen, a bayyana mata cewa ba binciken laifi aka zo yi ba, sannan a nemi ganin kabad ɗin magani. Idan binciken kan jijjigar masu juna biyu ne, a duba ko akwai allurar maganiziyam salfet da wa'adinta bai ƙare ba, a kuma tambayi ungozomar da ke bakin aiki yadda take bayar da kashin farko kafin ta tura mace babban asibiti. Amfanin wannan magani ya ƙara tabbata tun binciken Magpie na 2002, wanda ya haɗa mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, amma sai a 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma na Jihar Kano, inda mace-macen masu wannan lalura suka sauko daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin ɗari. Idan kuwa kan zubar jini ne, a duba ledar awo, a duba ko firijin da ake ajiye oksitosin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa, na samun wuta, domin zafin bazara yana rage ƙarfin wannan allura.

A nemi rajistar haihuwa a kwatanta shekara guda kafin sabon tsarin da shekara guda bayansa, ba tare da kwafe sunan kowa ba. A nan ake buƙatar taka-tsantsan: adadin zubar jini na iya ƙaruwa a rubuce bayan zuwan ledar, saboda yanzu ana gano abin da a da yake wucewa ba a lura ba. Haka kuma gyaran hanya, ko samun motar ɗaukar masu naƙuda, ko ƙarin ma'aikata na iya sauya alƙaluman, don haka ba a jingina wa masani komai.

Rajista ba ta san matar da ta haihu a ɗakinta ba, kuma a ƙauyukanmu irinta ce ta fi yawa. Saboda haka a zauna da ungozomomin gargajiya da kwamitin ci-gaban mazaɓa, bayan an sanar da dagaci, a ji ko saƙon binciken ya iso gare su da Hausar da suke ganewa, ko sun san ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska alamun haɗari ne, da kuma wanda suke kira idan naƙuda ta yi tsawo cikin dare.

Wajen rubuta rahoto, a ware abin da aka gani da ido daga abin da aka ji, a sa ranar kowace ziyara, a kuma ambaci sauran waɗanda suka yi aikin tare da masanin, har da ungozomomin da suka tattara bayanan. A aika wa asibitin da aka ziyarta kwafi kafin a fitar da rahoton, domin su gyara kuskuren da suka gani.