Yadda ake amfani da ruwan kurkurar baki mai sa haƙora haske

Mutanenmu da yawa a Makka da Jidda sukan sayi wannan ruwa da fatan haƙoransu su yi fari cikin mako guda, idan ba su ga haka ba sai su ajiye kwalbar. Ruwan yana aiki, amma a hankali, kuma a kan rinin da shayi da gahawa da goro da taba suka bari a jikin haƙori ta waje kawai.

Matakin farko, inda mafi yawa ke yin kuskure, shi ne zaɓen kwalba a saidaliyya, wato shagon magani. A juya bayanta a nemi sinadarin haidurojin feroksaid, wanda shi ne mai kashe rini, kuma yawanci bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Idan aka ga kilohekzidin a rubuce, a mayar da ita wurinta, domin wannan maganin ciwon dasashi ne, kuma in an daɗe ana kurkura da shi, haƙora yake rinawa ruwan ƙasa, musamman ga mai yawan shan shayi. Na ga waɗanda suka yi wata suna amfani da shi suna mamakin yadda bakinsu ke ƙara duhu. Tsadar kwalba ba ta nuna ƙarfinta, saboda haka kada a ƙara riyal ko ɗaya don kyan kwali.

Kafin a fara, wanda datti ya daskare masa a gindin haƙora ya je likitan haƙori ya kankare, domin babu ruwan da zai narkar da shi. Daga nan a goge baki da burushi ko asuwaki, a auna ruwan da murfin kwalbar ba tare da an sirka shi ba, a kurkura minti ɗaya cur, safe da dare, a tofar. Kada a ci ko a sha komai sai bayan minti 30, don haka ni na fi son a yi na dare bayan shayin ƙarshe.

A jure wajen mako 12 kafin a yanke hukunci, kuma canjin ɗan kaɗan ne. Haƙorin roba da abin da aka cike haƙori da shi ba sa canza launi, haka ma ɗigon da ke cikin haƙori tun yarinta. Idan haƙora suka fara tsami ko dasashi ya yi zafi, a dakata, kuma kada a ba yara.