Yadda za ka yi in ka tarar da wanda ƙwaya ta yi wa yawa

Bara cikin zafin nan na watan Afrilu, wani yaron maƙwabtanmu a nan Garwa, ɗan moto ne, ya dawo da la'asar ya miƙe a zaure yana ta minshari. Babarsa ta ce a ƙyale shi gajiya ce, abokansa da suka san abin da ya haɗiya kuma suka yi gum. Sai da ƙaninsa ya je tashinsa sallar magariba ya ga leɓɓansa sun yi toka-toka. Allah ya yi da sauran shan ruwansa a gaba, amma da ƙyar.

To wannan minsharin shi ne abin da nake so kowa ya gane. Tramol da kodin dangi ɗaya ne, in suka yi yawa numfashi suke dannewa, balle an haɗa da diyazefam (ƙwayar sa barci) ko giya. Likita ma ba ya wuce miligiram 400 na tramol a yini ga babban mutum, amma na bakin titi ƙwaya ɗaya sai ka ga an rubuta 225, yaro ya watsa uku huɗu cikin shayi ko kofi wai don ya jure aiki.

Abu na farko, gwada tashinsa. Kira sunansa da ƙarfi, girgiza kafaɗarsa, in shiru ka dunƙule hannu ka murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunka. Mai barci zai zabura ya ture ka. Wanda bai motsa ba, ba barci yake ba.

Sai ka duba numfashi. Mai lafiya yana ja sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, in ka ga yana ja ɗaya sai ya daɗe kafin ya sake, ko maƙogwaro na kwarkwar kamar ruwa a buta, akwai matsala. Buɗe idonsa ka haska da tocilan waya, baƙin tsakiyar kan tsuke ya koma kamar kan allura. Mu baƙaƙen fata ba a cika ganin canji a fuska ba, cikin leɓe da harshe da farce za ka duba.

Nan take ka nuna mutum ɗaya ka ce wane, jeka nemo mota, ko ka kira pompiye, wato 'yan kwana-kwana, a 118 in a nan Kamaru kake. Kar ka ce "a kira mota" kawai, kowa zai tsaya kallon kowa ne.

Kafin motar ta zo, kwantar da shi ta gefe, ka lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama don kar ya kife, hannunsa ƙarƙashin kumatu, ka ɗan ɗaga haɓarsa. In ya yi amai zai zubo waje maimakon ya koma huhu. Wallahi wannan juyawar kaɗai ta isa ta ceci rai, kuma ko sisi ba ta ci.

In numfashin ya tsaya gaba ɗaya fa, mayar da shi rigingine a ƙasa mai tauri ba kan katifa ba, ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji ka danna da ƙarfi da sauri, sau 30, sannan ka ɗaga haɓa ka toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau 2 har ka ga ƙirjin ya taso, ka koma dannawa. Kamar sau 100 zuwa 120 a minti ake so. Akwai gajiya sosai, ku riƙa karɓar juna.

Tramol kuma tana da wani hali nata, tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Nan ne mutanenmu suke ɓata lamari, wani ya danne shi, wani ya cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye, wasu kuma su watse wai yawun na yaɗa cuta. Ba ya yaɗa farfaɗiya. Janye murhu da kujera da duk abin da zai buge shi, sa masa zani ko riga ƙarƙashin kai, ka duba agogo. Da ta lafa ka juya shi gefe. Ko ta lafa da wuri asibiti za a je, in ta wuce minti 5 kuwa ko ta sake dawowa ai babu ma zancen jira.

Don Allah ban da ɗura. Ba madara, ba manja, ba ruwan gishiri don ya yi amai, ba rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, duk abin da ka zuba masa huhu zai tafi. Addu'a kam ka yi ta yi da bakinka hannunka na aiki. Kwara masa bokitin ruwa ma ba ya fitar da ƙwayar daga jini.

Wajen ɗaukarsa mota ta fi, a kwance ta gefe. Na san sau da yawa moto ce kawai a kusa, to in dole ta sa, a saka shi tsakiya, na baya ya riƙe masa haɓa kar kai ya faɗi kan ƙirji ya toshe hanyar iska.

Ku tafi da kwalin ko ledar ƙwayar, ko da fanko ne, a lalube aljihunsa. A gaya wa likita gaskiya: me ya sha, nawa, ƙarfe nawa, da me ya haɗa. Iyaye, na san akwai kunya, amma in kuka ce zazzaɓin cizon sauro ne, shi za a tsaya nema lokaci na tafiya. Akwai allura mai suna naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, sai dai aikinta daga minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar kuma ta fi ta daɗewa a jiki, shi ya sa mutum kan farfaɗo har ya ce a kai shi gida sannan ya sake sumewa. Kar ku biye masa sai likita ya sallame shi.

Wanda ya sha farasitamol da yawa kuma daban ne, garau za ka gan shi yana hira, sai bayan kwana biyu uku hanta ta nuna. Maganinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko, don haka a kai shi tun yana cewa lafiyarsa ƙalau. In kuma da gangan ya sha, a faɗa wa likita wannan ma, kuma kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki.