Yadda Ake Koyon Kanjin Duwatsu, Koguna da Garuruwan Japan

Duk wanda ya taɓa hawa babur ƙirar Honda ko Yamaha ya riga ya furta kanji da bakinsa, bai dai sani ba ne. A rubutun Japan, Honda 本田 ne: harafin farko "tushe", na biyu "gonar shinkafa". Yamaha kuwa 山葉 ne, "dutse" da "ganye". Kawasaki, 川崎, da "kogi" ya fara. Dukansu sunayen iyalai ne, kuma ɗimbin sunayen Japanawa daga abin da ke kewaye da mazaunin mutum aka ciro su: gona, kogi, tsauni, kurmi. Shi ya sa a ganina babu ƙofar shiga kanji da ta kai wannan sauƙi.

Kanji su ne haruffan da Japanawa suka aro daga ƙasar Sin, kowanne da ma'anarsa. Jerin da gwamnatin Japan ta ware don amfanin yau da kullum, wanda aka sabunta a 2010, ya ƙunshi guda 2,136. Kada adadin ya karya maka gwiwa. Ɗan aji ɗaya na firamare a can 80 kacal ake koya masa a shekara, kuma daga cikinsu za mu fara.

Sharaɗi ɗaya ne kafin a hau hanya: ka iya hiragana, wato haruffan sauti 46 da ake rubuta lafazin kowane kanji da su. Mako ɗaya zuwa biyu sun wadatar.

Mataki na farko: fara da waɗanda zane ne

Tsofaffin kanji da yawa hoton abin da suke nufi ne. Dubi 山, ƙololuwa uku a jere, ta tsakiya ta fi tsawo: dutse ke nan, ana cewa yama. 川 layuka uku ne na ruwa mai gangarowa, kogi, kawa. 田 fili ne da aka tsaga gida huɗu da kunyoyi, gonar shinkafa, ta. 木 bishiya ce da rassa da saiwoyi, ki. Idan bishiyoyin suka zama biyu, 林, an samu ƙaramin kurmi, hayashi. Idan suka kai uku, 森, daji ne sosai, mori. Ƙara da 日 rana, 月 wata, 火 wuta, 水 ruwa, 土 ƙasa, da 石 wanda ke nufin dutsen da ake ɗauka a hannu, ba tsauni ba.

Goma sha biyu ke nan. Su ne aikinka na makon farko, kada ka ƙara ko ɗaya. Akwai ma gyara a ciki: ranakun mako na Japan da waɗannan haruffa ake rubuta su. Lahadi 日, Litinin 月, Talata 火, Laraba 水, Alhamis 木, Asabar 土. Juma'a ce kawai ke buƙatar sabon harafi, 金, zinariya.

Mataki na biyu: rubuta da hannu, kuma bisa tsari

Wanda ya yi karatun allo ya san abin da hannu ke riƙewa ya fi wanda ido ya gani zama. Samu littafin lissafi mai gida-gida, ka ba kowane harafi murabba'i babba. Ƙa'idar jan layi ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. A 山 layin tsakiya ake fara ja. A haruffa masu katanga kamar 日 da 田, sai an gama na ciki ake rufe layin ƙasa, kamar dai mutum ya shiga gida kafin ya rufe ƙofa.

A nan ne za ka kama masu kama da juna. 木 bishiya ce, amma ƙara ɗan layi a gindinta ta koma 本, tushe, na sunan Honda. 日 rana ce, 目 ido ne. 土 ƙasa ce domin layin ƙasa ya fi tsawo. Idan na sama ne ya fi tsawo, 士, wani harafi ne daban, kuma shi ne ke cikin sunan dutsen Fuji.

Mataki na uku: lafazi biyu, inda mutane suka fi tuntuɓe

Yawancin kanji suna da karatu iri biyu. Akwai kun'yomi, kalmar Japananci ta asali, akwai kuma on'yomi, lafazin da ya biyo harafin daga Sin. 山 shi kaɗai yama ne, amma a wasu haɗe-haɗen san yake komawa. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mai mita 3,776, 富士山 ake rubuta shi, Japanawa kuma Fujisan suke ce masa. "Fujiyama" a bakin baƙi aka fi jin sa. Haɗa wuta da dutse, 火山, ka samu dutse mai aman wuta, kazan. Teku ita kaɗai 海 umi ce, amma a cikin 北海道 ta zama kai: Hokkaido.

Kuskuren da masu farawa ke yi shi ne su zauna suna haddace jerin lafazi tsurarsa, "yama, san, kawa, sen, ta, den", kamar masu tilawa. Kwana uku sai duk ya cakuɗe. Abin da ya fi shi ne kowane lafazi ka rataye shi a jikin kalma ɗaya ta gaske. Yama ka riƙe shi da Yamaha, san da Fujisan. Daga nan ba lafazi kake tunawa ba, suna kake tunawa, suna kuwa ba ya saurin ɓacewa.

Sai wani abu da ke rikitar da kunne: harafi na biyu a cikin suna yakan yi nauyi. Ta ya koma da, shi ya sa 本田 ya zama Honda, 山田 ya zama Yamada. Kawa ya koma gawa, kamar a Kanagawa 神奈川 da Shinagawa 品川. Shima, tsibiri, ya koma jima a Miyajima 宮島. Amma ba kullum ba: Ishikawa 石川 bai sauya ba, Hiroshima ma haka. Iyalin da suka kafa kamfanin Toyota ma Toyoda ne sunansu, 豊田, kamfanin ne ya ɗauki Toyota. Kada ka ɓata lokaci wajen neman dokar da za ta rufe duka. Yadda ka ji sunan haka za ka riƙe shi.

Mataki na huɗu: buɗe taswira

Wannan ne matakin da ya fi daɗi. Buɗe taswirar Japan a waya, ka mayar da harshenta Japananci, ko ka nemi mai rubutu biyu. Kamar yadda muke da Dutse da Birnin Kebbi, sunayen da ke faɗin abin da wurin yake, haka garuruwansu suke.

Fara da kusurwoyi huɗu: 東 gabas, 西 yamma, 南 kudu, 北 arewa. Ƙara 京, babban birni. Nan take Tokyo, 東京, ya bayyana a matsayin "babban birnin gabas", don yana gabas da tsohon mazaunin sarki, Kyoto, 京都. Hokkaido "hanyar tekun arewa" ce. Hiroshima, 広島, "tsibiri mai faɗi". Yamaguchi, 山口, "bakin dutse". Ishikawa "kogin duwatsu". Akita, 秋田, "gonar lokacin kaka". Filayen jirgin sama biyu da ke yi wa Tokyo hidima, Narita 成田 da Haneda 羽田, duka da gonar shinkafa suka ƙare. Sunan ƙasar kanta, 日本, Nihon ko Nippon, rana ce da tushe, wato inda rana ke ɓullowa.

Japan tana da jihohi 47. Ɗauki biro ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin duk harafin da ka gane. Za ka ga 山 a Toyama, Okayama, Wakayama, Yamagata da Yamanashi. Za ka ga 島 a Fukushima, Tokushima da Kagoshima. Wanda ba ka gane ba ka bar shi, zai jira ka.

Mataki na biyar: koyi ɓangarorin da ke maimaituwa

Manyan kanji daga ƙanana aka gina su, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya yana nuna dangin ma'anar. Ɗigo ukun nan na gefen hagu, 氵, ruwa ne da aka matse: ga su a 海 teku, 池 kududdufi, 湖 tafki, 港 tashar jirgin ruwa. 艹 a saman harafi ciyawa ce, kamar a 花 fure, 草 ciyawa, 茶 shayi. 雨, ruwan sama, yakan hau saman abubuwan sararin samaniya: 雪 dusar ƙanƙara, 雲 gajimare, har da 電, lantarki, wanda asalinsa walƙiya ce. Bishiya tana gefen 松, itacen da ke cikin sunan Matsuda, da 桜, sakura mai furen bazara, da kuma 橋, gada.

Ba za su ba ka cikakkiyar ma'ana ba, amma za su hana ka kallon harafi mai layi goma sha biyu kamar saƙar gizo.

Mataki na shida: allunan tasha da adireshi

Idan kana da niyyar zuwa karatu ko aiki, waɗannan ne za su fara yi maka amfani. 駅 tashar jirgin ƙasa ce, eki. 口 baki ne, don haka 入口 mashiga, 出口 mafita. Manyan tashoshi suna da 東口 da 西口 da 南口 da 北口, kuma wanda ya fita ta ƙofar da ba ita ba a tasha irin ta Shinjuku zai sha tafiya. 空港, wato "sararin sama" haɗe da "tashar ruwa", filin jirgin sama ne, kuko.

Adireshi daga babba yake farawa zuwa ƙarami: jiha 県, birni 市, gunduma 区, gari 町, ƙauye 村. Jihohi 43 ne ke ɗauke da 県. Tokyo 都 ce, Osaka da Kyoto 府 ne, Hokkaido kuma 道.

Mataki na bakwai: bita

Sabbi uku zuwa biyar a rana sun isa, minti goma sha biyar bayan sallar asuba ko kafin barci. Yanka kwali ƙanana, harafi a gaba, suna ɗaya ko biyu a baya, ko ka yi amfani da manhajar Anki, wadda ke dawo maka da harafi daidai lokacin da kake dab da mance shi. Don neman wanda ka gani ba ka san karatunsa ba, ƙamus ɗin intanet na Jisho yana ba da damar nema ta ɓangarori ko ta zana harafin da yatsa. Duk ƙarshen mako ka koma kan taswirar nan ta jihohi 47 da biro mai wata kala, ka ja layi ƙarƙashin sabbin da suka buɗe maka.